Zuma, fatar karfasa ko bagaruwa: da wanne za a fara haɗa abin rufe miki?

Tambaya: "Ina digiri na biyu a fannin harhaɗa magunguna. Ina so in yi bincike kan haɗa abin rufe miki daga kayan da Allah ya hore mana: zuma, fatar karfasa, bagaruwa, da wani sinadari da na ji ana fiddawa daga ɓawon jatan lande. Nufina in haɗa su duka a bandeji guda mai warkar da kowane irin ciwo. Ta ina zan fara?"

Malama, sannu da ƙoƙari. Hanyar da kika ɗauko mai ɓullewa ce, sai dai kayan sun yi wa kai yawa. Sauke uku ki riƙe ɗaya. Kafin ma ki zaɓi wanda za ki riƙe, fara zaɓar mikin da za ki yi wa aiki. A wannan fanni samun ɗanyen kaya shi ne mafi sauƙi kuma mafi arha. Wahalar tana wajen kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinsa ba tare da an kashe amfaninsa ba, da tabbatar da cewa wanda kika haɗa yau daidai yake da na gobe, sannan da kawo hujjar da za ta sa likita ya yarda ya ɗora shi a jikin ɗan wani.

Har zuwa farkon shekarun 1960, likita da wanzami da tsohuwar gida bakinsu ɗaya: a bar ciwo ya sha iska, ya bushe, ya yi ɓawo. A 1962 wani masani a Ingila, George Winter, ya yi ƙananan raunuka a bayan aladu, ya rufe wasu da siririyar leda, ya bar wasu a buɗe. Waɗanda ya rufe, sabuwar fata ta shimfiɗu a kansu da saurin da ya kai kusan ninki biyu. Dalili shi ne ƙwayoyin fata rarrafe suke yi daga bakin miki zuwa tsakiya, kuma a kan danshi suke tafiya. In sama ta bushe, dole su nutsa ƙarƙashin ɓawo suna haƙa hanya. Shekara guda bayan haka wasu suka gwada a jikin mutane, suka ga abu ɗaya.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ɗakin wankin ciwo ranar da aka dawo da yaron da kunu mai zafi ya kwarare wa ya san sauran labarin. Gos ɗin jiya, wannan ƙyallen auduga mai raga-raga, ya bushe ya kama jiki. Nas tana jiƙa shi da ruwan gishiri tana ɗagawa kaɗan-kaɗan, uwa ta danne ƙafafu ta kau da kai, yaro yana tsala ihu. In ƙyallen ya fito, juya bayansa ki duba. Za ki ga ɗigo-ɗigon jini da wani jan nama mai laushi ya biyo zaren. Aikin da jiki ya kwana yana yi ke nan, aka yaye shi da safe. To duk abin da za ki haɗa, wannan gos ɗin ne abokin takararsa: ya riƙe danshi daidai gwargwado, ya shanye ruwan da ya wuce kima, ya tare ƙwayoyin cuta daga waje, in an zo cirewa ya saki ba tare da ya tafi da sabon nama ba.

Nan ne tunanin bandeji guda na kowane ciwo yake rushewa. Gyambon da ke tsiyaya har ya jiƙa zanen gado, abin tsotsewa yake so. Mikin da ya ƙeƙashe ya yi baƙin ɓawo, ruwa yake so a ba shi. Saran adda da ke tsartuwa ba ruwansa da danshi, a tsayar da jini kawai. Ɗauki aljinet, wanda ake fiddawa daga ciyawar teku kuma ya shiga kasuwa da sunan Sorbsan a 1983. Yana shan ruwa ninki 15 zuwa 20 na nauyinsa. Kalsiyam ɗin zarensa yana musaya da sodiyam ɗin ruwan miki, sai zaren ya koma yauƙi kamar miyar kuɓewa, har sabuwar nas kan ɗauka mugunya ce. A kan miki mai ruwa babu kamarsa. Ɗora shi a kan busasshe kuwa, sai ya manne ya ƙara busar da shi. Abu ɗaya ne, miki ne ya bambanta.

Sinadarin ɓawon jatan lande sunansa kaitosan. Ana jiƙa ɓawon a asid a narkar da allin da ke cikinsa, a dafa a ruwan soda a cire furotin, abin da ya rage shi ne kaitin. A sake dafa kaitin a soda mai kauri da wuta sosai, ya zama kaitosan. Babban aikinsa tsayar da jini. Cajin lantarkin da ke jikinsa kishiyar na jajayen ƙwayoyin jini ne, suna haɗuwa sai su manne su toshe wurin, ko da jinin mutumin ba ya daskarewa yadda ya kamata. Da shi aka yi bandejin HemCon da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2002, sojojinsu suka riƙa ɗaukarsa a Iraƙi da Afganistan. Mu da teku ta yi mana nisa, kada ki manta ɓawon fara ma kaitin ne, kuma masu bincike sun fidda kaitosan daga gare shi. Ƙafafu da fukafukan da masu suyar fara ke zubarwa a Maiduguri ko Maraɗi ɗanyen kaya ne. Matsalarsa, kowace tukunya da irin nata. Zafin wuta da daɗewar dahuwa suna canza halinsa, kuma tunda sai da asid, irin na binega, yake narkewa, in ba a wanke asid ɗin sarai ba zai yi wa miki raɗaɗi ya kashe ƙwayoyin da ake son su tsiro.

Zuma ce nake so mu daɗe a kanta. Ba sai na tuna miki matsayinta a addini da al'adarmu ba, kuma tsofaffin takardun likitancin Masar na shekara fiye da 3,000 sun ambaci sa ta a rauni. Yadda take aiki sananne ne. Kusan kashi 80 cikin 100 nata sukari ne, ruwan bai kai kashi 20 ba, don haka tana janye ruwa daga jikin bakteriya har su kasa hayayyafa, tana kuma jawo ruwa daga ƙasan miki ya wanko dattin sama. Tana da tsami, ma'aunin pH nata tsakanin 3.2 da 4.5. Sannan ƙudan zuma suna zuba mata wani sinadari wanda, in ruwan miki ya sirka ta, sai ya riƙa sakin haidirojin ferokzayid kaɗan-kaɗan. Sai dai jini da nama suna da nasu sinadarin da ke rusa wannan ferokzayid ɗin. Abin da ya ɗaga zumar manuka ta Niyu Zilan ke nan: Peter Molan na Jami'ar Waikato ya nuna tana ci gaba da kashe bakteriya ko an kawar da ferokzayid, a 2008 kuma masana a Dresden ta Jamus suka gano sinadarin da ke yin aikin, metilgilayokzal. Medihoney, wadda Amurka ta amince da ita a 2007, daga irin wannan zumar ake yin ta.

Ɗaya daga cikin rahotannin da duniya ke yawan ambata a kan zuma daga Najeriya ya fito. A 1988 wani likitan tiyata a asibitin koyarwa na Jami'ar Kalaba, mai suna Efem, ya wallafa abin da ya gani a majiyyata 59, yawancinsu masu mikin da ya gagari maganin asibiti. Hamsin da takwas suka samu sauƙi ƙwarai: wari ya ɗauke, mataccen nama ya saki, sabon nama ya taso. Ɗayan da ya ƙi, daga baya aka gano gyambon Buruli ne, wanda wata bakteriya 'yar'uwar ta tarin fuka ke jawowa. Riƙe wannan mutum ɗayan a ranki, zan dawo kansa.

Rahoton Efem ba shi da rukunin kwatance, don haka ba ya gaya mana ko wani abin daban zai yi daidai da zumar. Da ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken likitanci na duniya, ta tattara gwaje-gwaje 26 na mutane sama da 3,000 a 2015, sai hoton ya fito da launi biyu. A ƙunar da ba ta cinye kaurin fata duka ba, zuma ta riga kayan diresin na yau da kullum warkarwa da kwana 4 zuwa 5. A gyambon ƙafa na jijiyoyin da ba sa mayar da jini sama kuwa, babu wannan hujjar. Babban gwajin da aka yi a Niyu Zilan ɗin kanta, kan mutum 368, bai nuna wani bambancin kirki ba bayan mako 12, kuma masu zumar sun fi kukan zafi. Wato ƙasar da ke sayar da zumar ita ta buga cewa a wannan mikin ba ta ƙara komai ba. Irin wannan gaskiyar nake so ki koya.

Yanzu zumarmu. Mai amya yakan hau bishiya da dare da wuta a hannu, ya kori ƙudan da hayaƙi, ya kwaso saƙar har da 'ya'yan ƙudan, a matse da hannu, wani lokaci a ɗora a wuta don kaki ya rabu. Kafin ta iso tasha an sirka wata da narkakken sukari. Zafi yana kashe sinadarin da ke sakin ferokzayid, don haka zumar da aka dafa ta rasa rabin makaminta ko da ɗanɗanonta bai canza ba. Gwajin ashana da na ɗigawa a ruwa da masu talla ke yi ba ya nuna komai a nan. Akwai ma'auni na gaske: yawan ruwa kada ya wuce kashi 20, kuma sinadarin HMF, wanda ke ƙaruwa in an dafa zuma ko ta daɗe a zafi, ƙa'idar duniya ta kayyade shi a miligiram 80 cikin kilo ga zumar ƙasashe masu zafi. Ko tsantsar ma tana iya ɗauke da ƙwayayen bakteriya masu sulke na dangin kilostiridiyam, dalilin da ya sa ba a ba jaririn da bai shekara ba. Zumar asibiti akan haska ta da hasken gama, wani haske mai ƙarfi da ke ratsa abu, wanda ke kashe su ya bar ƙarfin zumar.

Fatar karfasa labarin Birazil ne. Wani likitan gyaran jiki, Marcelo Borges, ya lura masana'antun yanka karfasa suna cire tsoka su zubar da kusan dukkan fatar, alhali ma'ajiyoyin fatar mutum na ƙasar ba sa biyan ko kaɗan daga buƙatar masu ƙuna. Daga 2015 Edmar Maciel na asibitin José Frota da ke Fortaleza da masana Jami'ar Tarayya ta Ceará suka ɗauki aikin. Kifin kuwa karfasar Kogin Nilu ce, irin wadda muke da ita a ruwayenmu. Fatarta tana da kolajin, wato furotin ɗin da ke ba fata ƙarfi, nau'i na ɗaya mai yawa, irin na fatar mutum, tana riƙe danshi, tana da ƙarfin ja.

Dubi abin da ake yi mata kafin ta taɓa mutum. A feɗe ta, a kankare ragowar tsoka, a wanke jini. A jiƙa a kilohekzidin, ruwan kashe ƙwayoyin cuta. A bi da ita ta ruwan gilisarol mataki-mataki, daga sirkakke har zuwa kusan zalla. A rufe kowace a leda biyu, a aika São Paulo a haska da gama. A kowane mataki ana yankar ɗan guntu a shuka a ɗakin gwaji a ga ko wata ƙwaya za ta tsiro. Bayan haka tana iya shekara biyu a firji. Ranar amfani a wanke gilisarol ɗin da ruwan gishiri sau da yawa, a shimfiɗa ta a kan ƙunar da aka riga aka wanke, bakin wannan ya hau kan bakin waccan. Ƙarnin kifi ya tafi, amma zanen ɓamɓarokin yana nan, sai ki ga hannun mutum da ɗigo-ɗigon toka-toka har zuwa yatsu. A ƙunar sama-sama ba a cire ta. Tana manne, ana canza bandejin waje kawai in ya jiƙe, har wajen kwana goma ta bushe ta fara ɗagowa daga gefe da kanta, sabuwar fata a ƙasa.

A gwajin da suka wallafa a 2021, kan majiyyata 115, an kwatanta ta da man silba salfadayazin, wanda aka fi sani da Dermazin a kyamis ɗinmu. Masu fatar kifi sun warke a kwana 9.7, masu man a kwana 10.2. Rabin yini ke nan, ba abin a buga ganga ba ne. Ribar tana wani wuri: diresin sau 1.6 maimakon 4.9, zafi ya ragu, maganin kashe zafi ya ragu, kuɗin jinya ya sauka da kashi 42. A ganina wannan ne darasin da ya fi dacewa da mu. Ga wanda zai hau babur daga ƙauye kowane kwana biyu, ya biya kuɗin mota da na gos da na safar hannu, ya rasa yinin gona, rage zuwa asibiti daga biyar zuwa biyu ya fi masa rabin yini nesa ba kusa ba. Akwai kuma abin da ba sai an faɗa ba: ƙasashe da dama fatar alade suke rufe ƙuna da ita na wucin gadi, kifi kuwa babu wanda zai tsaya neman fatawa a kansa.

Kada dai ki ɗauka a nan ma kyauta za ki same ta. Mu ba ma feɗe karfasa, da fatarta muke soyawa, kuma gonakin kifinmu yawanci tarwaɗa ce. Karfasar dam ƙanana ce sau da yawa, ba ki kuma san ruwan da ta sha ba. Kina buƙatar manyan kifaye daga gona guda da za ki iya auna ruwanta. Ga kuma firji da wutar da ba ta tsayawa. Su kansu 'yan Birazil sun koma gwada busar da fatar ta hanyar daskarewa don ta zauna a ajiye ba sai da firji ba. Kada ki raina inda abin zai iya kaiwa: kamfanin Kerecis na Aislan, da ke sarrafa fatar wani kifin teku da a da ake zubarwa, kamfanin Coloplast na Denmak ya saye shi a 2023 kan kuɗin da ya kai dala biliyan 1.3.

Bagaruwa kuwa, taka a hankali. Abin da ke sa ta kama miki ya tsuke ya bushe shi ne tanin, sinadarin da majema ke jeme fata da shi. A 1925 wani likita a Detroit, Edward Davidson, ya fara shafa asid ɗin tanin a kan ƙuna. Ya yi ɓawo mai tauri, zafi ya ragu, ruwa ya daina tsiyaya, duniya ta ɗauka. Kusan shekara ashirin ana yi, sai a shekarun 1940 aka riƙa buɗe gawarwakin masu ƙuna ana tarar da hanta ta lalace, aka yi watsi da shi. Fatar da ta ƙone ƙofa ce a buɗe, abin da aka shafa a faɗin jiki yana shiga jini. Ban ce bagaruwa ba ta da wurin zama a bincike ba, amma sai kin san nawa ne tanin ɗin, wane iri ne, nawa ke shiga jini. Haka gwanda: asibitin Royal Victoria na Banjul ya ba da rahoto a 1999 cewa niƙaƙƙen namanta yana cinye mataccen nama a ƙunar yara, amma a 2008 Amurka ta hana sayar da mayukan sinadarin gwanda marasa rajista saboda mummunan borin jini da wasu suka yi. Fitowa daga itace ba ta wanke abu daga zargi.

Shi ya sa ban yarda da haɗa huɗun ba. Tanin zai jeme kolajin ɗin fatar kifin ya mai da ita ƙirgi, zai kuma kama kaitosan su dunƙule. In abin ya yi aiki ba ki san wa za ki yaba ba, in ya yi ɓarna ba ki san wa za ki kama ba.

Yawancin binciken ɗalibai da na gani a wajen kashe ƙwayoyin cuta yake faɗuwa. Tafasa ba ta kashe ƙwayayen tetanus masu sulke, waɗanda ke kwance a ƙasa da kashin dabbobi. Su ne ke sandarar da jariran da aka shafa wa kashin shanu ko toka a cibiya. Otokilef, tukunyar tururin kayan tiyata, yana kashe su a digiri 121, amma zai dafa fatar kifi ta narke, ya kashe zuma. Iskar etilin okzayid, wadda ita ma ake kashe ƙwayoyin cuta da ita, tana barin guba a abu mai ruwa. Abin da ya rage shi ne hasken gama, yawanci kilogire 25 a ma'auninsa, kuma cibiyoyinsa ƙalilan ne: an gina ɗaya a Sheda kusa da Abuja, akwai wata a Kwabenya ta Gana. Tuntuɓe su tun kafin ki rubuta tsarin bincike. Ko an kashe bakteriyar ma, gubar da ke jikin ɓawonta ba ta jin otokilef kuma tana sa zazzaɓi, don haka tsabta daga wurin feɗe kifin take farawa.

Akwai waɗanda suka zagaye wannan matsala da dabara. A Mumbai, bayan an daɗe ana amfani da ɓawon dafaffen dankalin turawa, likita Madhuri Gore ta koma ganyen ayaba: a cire jijiyar tsakiya, a manna shi a bandeji, a naɗe, a sa a otokilef. Ganyen ba ya warkar da komai, santsinsa ne ke hana mannewa ya riƙe danshi. Sakamakonsa ya yi daidai da na ɓawon dankalin, kuɗinsa kuma ya gaza shi ninki 11. Ta zaɓi kayan da ya dace da na'urar da kowane babban asibiti ke da ita.

Wajen gwaji, kada farantin shuka bakteriya ya ruɗe ki. Da'irar nan da ke fitowa kewaye da samfuri, wadda ɗalibai ke aunawa da rula suna murna, ruwan bilic ma yana yin ta. Tambayar ita ce ko abin zai kashe bakteriya ya bar ƙwayoyin fatar mutum da rai, kuma ƙa'idar ISO 10993 ta tsara yadda ake auna hakan: guba ga ƙwayoyin halitta, ƙaiƙayi, borin jini. In kin kai ga ɓeraye, ki sani fatarsu sakakkiya ce, akwai siririyar tsoka a ƙarƙashinta da ke tsuke rauni ko ba a sa komai ba. Mutum kuwa cike gurbi yake yi ya shimfiɗa fata. Sai an ɗinka zoben silikon kewaye da raunin ɓeran ya hana tsukewa kafin sakamakon ya yi kama da namu. A jikin mutum, wurin da ya fi dacewa da gwajin farko shi ne cinyar da aka yanko fata don dasawa: mikin mai tsabta ne, zurfinsa ɗaya, ana iya raba shi biyu, rabi naki rabi na asibiti, ƙuri'a ta zaɓi ɓangare, wanda zai duba hotuna kuma bai san wanne ne wanne ba. Wannan sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike da amincewar majiyyaci a rubuce, sayarwa kuma sai da rajistar NAFDAC.

Mu koma kan mutum ɗayan nan na Kalaba. Zuma ba ta gaza don ba ta da kyau ba, cutarsa maganin sha na makonni take so. Haka yawancin gyambunanmu suke. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta mutu ba ya jin zafi, yana taka mikin kullum. In ba a ɗauke nauyi daga wurin ba aka daidaita sugan, ko me kika ɗora ɓata kuɗi ne. Gyambon jijiyoyin ƙafa ɗauri mai matsewa yake so. Na mai sikila a idon sawu yana da nasa hali. Wanda ba ya samun abinci mai gina jiki ba shi da abin yin sabon nama. Tsohon tabon ƙuna da ya ɓarke ya ƙi rufewa, bakinsa ya yi kauri ya juyo waje, a yanki guntu a auna, don yana iya zama ciwon daji. In kika zuba irin waɗannan duka a gwaji ɗaya, kayanki zai faɗi ko da mai kyau ne.

Da ni ce ke, da shekara biyu da kuɗin ɗalibi, zuma zan ɗauka, mikin kuma ƙunar sama-sama, wadda ta yi yawa a gidajenmu lokacin hunturu kuma hujjar zuma ta fi ƙarfi a kanta. Je wurin masu amya da kanki a wurare uku ko huɗu masu furanni daban-daban, ki karɓi saƙar kafin ta ga wuta. Auna ruwa, tsami, HMF da ferokzayid. Gwada ta a kan bakteriyar da aka ɗebo daga mikin majiyyatan asibitinku, musamman sitafilokokus da sudomonas masu jure magani, ba na kwalbar ɗakin gwaji kaɗai ba. Haska da gama ki sake aunawa. Sannan ki fuskanci abin da ya fi damun nas: a zafin jiki, balle zafin Afrilu, zuma tsinkewa take yi ta gudu daga miki ta jiƙa gado ta kira ƙuda da kiyashi. Nan aljinet ko kaitosan zai shigo, a matsayin abin riƙe ta kawai. Ajiye samfurin a digiri 40 na wata uku zuwa shida ki ga ko ƙarfinsa na nan. Tun makon farko ki nemi likitan ƙuna da nas ɗin da ke wankin ciwo su zauna a kwamitinki, su gaya miki faɗin da suke so da kuɗin da majiyyaci zai iya biya. Kowace kwalba ki rubuta mata gari, wata, da furen da ke kusa da amyar, har waɗanda suka faɗi gwaji, domin zumar kaka da ta bazara daga amya guda ba lallai ƙarfinsu ya zo ɗaya ba.